Ciyarwar azumi ko ɗakin kwana: ina kuɗin unguwarmu zai tafi bana?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa min gaskiya, kada a yi min addu'a kawai a wuce. Kun san kwamitin matan unguwarmu da ke dafa abincin buɗa-baki duk azumi, kunu da ƙosai da dafa-duka, muna kaiwa bakin kasuwa da tasha da ƙofar asibiti. Bana tun kafin a fara karɓar gudummawa wata daga cikinmu ta kawo maganar da ta raba mana kai. Ta ce mutanen da muke kai wa abincin nan su ne dai na bara, su ne na bara waccan, inda muka bar su nan muke tarar da su, sai dai wanda Allah ya yi wa rasuwa. Ta ce a raba kuɗin biyu, a dafa rabi, rabi a kama wa mutum biyu ko uku ɗakin haya na shekara a bayan gari, tunda kuɗin buhu biyu ko uku na shinkafa zai kama ɗaki ɗaya. Wasu suka ce atafau ba za a taɓa kuɗin tukunya ba. To ni tambayata, ciyarwar nan da muke yi, da wadda gwamnati ke yi, tana fitar da wani daga halin da yake ciki kuwa?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya kada ku bari a sare muku gwiwa. Wanda ya ba mai azumi abin buɗa-baki yana da lada kwatankwacin nasa, hadisi ne sananne. Ku naku ciyarwa. Gidaje aikin gwamnati ne.

Ɗan Fagge: Kafin a yi gardamar shinkafa da ɗaki, a fara sanin su wane ne ke kwana a waje. Ni a Kantin Kwari nake, kuma nakan kai dare idan ana sauke kaya. Mafi yawan masu shimfiɗa kwali a barandar shaguna ba mabarata ba ne. 'Yan dako ne da 'yan ga-ruwa da masu tura baro da 'yan gwangwan, 'yan cirani daga ƙauyukan Jigawa da Katsina da Nijar. Suna da gida da mata da 'ya'ya, gidan ne kawai ba a Kano yake ba. Mutum ya yini yana ɗaukar dila, ya ci garau-garau, ya biya kuɗin gidan wanka, ya ɗan ba maigadi wani abu ya bar shi ya kwanta, takalmi a ƙarƙashin kai, kuɗi a ɗaure a ƙugu. Damina na kawo kai ya tattara ya koma gona. Irin wannan ko an kama masa ɗaki ba zai zauna ba, don ɗakin da kuɗinku zai iya kamawa yana can ƙarshen gari, kuɗin adaidaita zuwa da dawowa zai cinye rabin abin da ya samu. Shi abincinku ne ke masa amfani, abin da zai kashe a buɗa-baki sai ya aika gida.

Waɗanda nake jin tausayi su ne matan da suka gudo daga garuruwan da 'yan bindiga suka tarwatsa a Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato. Su ba su da gonar komawa. Za ka gan su a kango, an rataya buhu a bakin ƙofa, mace da yara huɗu biyar, ranar da mai kangon ya samu kuɗin rufi ranar za a ce su tashi. Idan ɗaki za ku kama, su za ku nema.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri Yaya. Mu kam duk wanda ya miƙo hannu miƙa masa muke yi, ba mu taɓa zama mun tambaya ba.

Bazazzagiya: Ni abin da ke ɓata min rai da ciyarwar zamanin nan kyamara ce. A jera bayin Allah a rana, a ba mutum 'yar roba ɗaya da ledar kunu, sannan a ce ya ɗaga sama a ɗauka a saka a Facebook. Wallahi akwai matan da yunwa za ta kusa kashe su ba za su shiga layin nan ba, don kada surukansu su gan su a waya.

Baban Sadik: To idan ba a ɗauki hoto ba, masu ba da kuɗin ta yaya za su san an yi aikin? Ku ne kuma za ku fara cewa an cinye.

Bazazzagiya: A ɗauki tukunya Malam, a ɗauki rasit. Dole sai fuskar tsohuwa?

Tsohon Malamin Firamare: 'Ya'yana, bari in tuna muku abin da ya wuce kyamara muni. A watan Maris na 2024, cikin azumi, mata da yara sun mutu a Bauchi wajen turmutsutsin karɓar zakkar Naira dubu goma. Kwana biyu kafin nan ɗalibai mata biyu sun mutu a jami'ar Keffi wajen rabon shinkafa. Disambar shekarar kuma, cikin mako guda, yara 35 a Ibadan, mutum 10 a wata coci da ke Maitama a Abuja, sama da 20 a Okija ta jihar Anambra. Duk masu rabon nan da niyyar alheri suka fito. Abin da ya kashe mutane sanarwa ce: a faɗa a rediyo ko a waya cewa gobe za a raba, mutum dubu goma su zo wa abin da aka tanada don dubu ɗaya, ƙofa guda. A shekarar ne hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023. Wanda bai ci ba tun jiya ba ya jin "ku bi layi".

Kuma ku lura da wanda ke samu a irin wannan rabon. Mai ƙarfin kafaɗa ne. Saurayi ya karɓi uku, ya zagaya ya sayar da biyu. Tsohuwar da aka yi abin dominta tana gefe da sandarta, ta tashi hannu rabbana.

Maman Ilham: Baba wannan gaskiya ne. A tasha samari ne ke rufe mu, sai mun ɓoye wasu robobin a cikin mota mu zagaya da su ta baya.

Na Tsangaya: Ina so in yi gyara a kan maganar Baban Sadik, da girmamawa. Ciyarwa ibada ce babba, Suratul Ma'un ta haɗa wanda ba ya kwaɗaitarwa a kan ciyar da miskini da mai ƙaryata ranar sakamako. Amma cewa matsuguni ba ruwan jama'a a ciki, wannan ba haka magabata suka yi ba. Ahlus Suffa su wane ne? Sahabbai ne da suka zo Madina ba gida ba dangi, aka ware musu wuri a jikin masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Nan suke kwana, ana kawo musu abinci, wasu a raba su gidaje su ci, suna karatu, wanda ya samu sana'a ko aure ya tashi wani ya maye gurbinsa. Abu Huraira a cikinsu ya fito. Kwana da ci da koyo tare aka haɗa musu.

Ta fuskar zakka ma, malamanmu na Malikiyya sun halatta a ba fakiri abin da zai ishe shi shekara. Shafi'iyya sun wuce nan, suka ce mai sana'a a ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa ko da yana da yawa. Mu kuma mai miliyan goma na zakka sai ya canza su 'yan dubu-dubu ya tsaya a ƙofar gida yana miƙawa, kowa ya samu na cefanen yini, badi su dawo, shi ma ya ji daɗi an cika masa layi.

Sai dai Hajiya, akwai amana. Wanda ya ba ku kuɗi da sunan buɗa-baki, ba za ku juya su zuwa haya ba sai da saninsa. Ku buɗe asusu biyu ku faɗa wa mutane, kowa ya zaɓa.

Baban Sadik: Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara a kan Suffa. Amma masallatan yau ana isha'i ake datse su da kwaɗo.

Tsohon Malamin Firamare: Ai nan gizo ke saƙar. Da muna yara ba a san baƙo ya kwana a titi ba. Kowane gida na da zaure, baƙo ya sauka da magariba, a shimfiɗa masa tabarma, a fito masa da tuwo daga cikin gida, ba a ma tambayarsa sunansa sai gari ya waye. Fatake na da fatoma mai saukar da su. Duk zangon da kuke ji a Kumasi da Accra da haka ya kafu. Yau ku zagaya sababbin unguwanni ku ƙirga min zaure. Get ne na ƙarfe da waya mai ƙaya a kan katanga. Masallatai kuma tun shekarun bama-bamai aka fara kulle su, ga ɓarayin fanka da batirin sola. Ban ga laifin kwamitin masallaci ba, amma wurin kwanan da talaka ke samu kyauta mun rufe shi, ba mu buɗe wani ba, sai muka ƙara yawan tukwane.

Auta: Baba yanzu ka saukar da baƙo a zaure, da asuba ka nemi babur ɗinka ka rasa 😂

Tsohon Malamin Firamare: Da ma ana sata a da, Auta. Mai unguwa ne ya san kowa.

Injiniya: Ni a bar maganar da. Tambayar Hajiya ta biyu ita ce ta gwamnati, kuma amsata a'a ce. Ku duba tarihin. Zamanin Buhari ana ba gidaje Naira dubu biyar a wata, har da kuɗin Abacha dala miliyan 322 da aka dawo da su daga Switzerland aka zuba a ciki. Tinubu ya zo ya ce dubu 25 sau uku ga gidaje miliyan 15, da bashin Bankin Duniya na dala miliyan 800. Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai kan batun Naira miliyan 585, aka dakatar da shirye-shiryen gaba ɗaya har da ciyar da 'yan firamare. Kafin nan, Oktoban 2020, kowa ya ga yadda jama'a suka fasa rumbunan tallafin korona suka tarar da abinci jibge. A nan Kano, azumin 2024 gwamna da kansa ya kai ziyarar ba-zata cibiyar ciyarwa ta Gidan Maza, ya ga abin da ake zuba wa mutane ransa ya ɓaci, bidiyon ya zagaya ko'ina. Kwangila ce kawai ake yi da sunan talaka.

Anti Mai Ƙosai: Injiniya ka yi a hankali da "kawai". Ni na yi aikin dafa wa 'yan firamare lokacin ana biyan Naira 70 kan kowane yaro. Kuɗin bai isa ba, ana jinkirin biya, amma na ga yaran da ba sa zuwa makaranta sun dawo saboda kwanon nan, kuma mu masu dafawa da shi muka riƙe gidajenmu. Ranar da aka tsayar, ajin ya rage. A ƙauyenmu kuma akwai matan da dubu biyar ɗin nan suka shiga adashi da ita suka sayi akuya. Satar da aka yi a sama ba ta sa akuyar ta zama ƙarya ba.

Injiniya: Anti ban musa akuyarki ba. Amma ki amsa min wannan. Rajistar talakawa ta ƙasa ta hanyar gari da unguwa ake shiga, jama'a su zauna su nuna gidajen da suka fi talauci. Yanzu kuma sai da lambar NIN da asusun banki ko na waya. Matar da ke kwana a kango, wace unguwa ce za ta nuna ta? Garinsu an ƙone, nan kuma baƙuwa ce. Wanda ya fi kowa buƙata shi ne takarda ba ta san da shi ba.

Anti Mai Ƙosai: Wannan kam ba ni da amsa.

Ɗan Yerwa: Ku bari mu da muka ga ƙarshen abin mu yi magana. Shekaru ana ciyar da mutane a sansanonin Maiduguri. Gwamnatin Borno ta ce zaman ya isa, mutane sun zama masu jiran buhu, ta rufe sansanonin cikin gari, sansanin Bakassi ma a ƙarshen 2021 aka tashe shi, aka ba mutane kuɗi aka ce su koma garuruwansu, aka kuma hana ƙungiyoyi rabon abinci a wasu wuraren da aka mayar da jama'a. Hujjar gwamna ba ta banza ba ce, yaro ya tashi daga haihuwa har ya yi wayo bai taɓa ganin ubansa ya riƙe fartanya ba, wannan ma ciwo ne. Amma wanda ya koma ya tarar ba ya iya nisa da gari ya yi noma saboda tsaro, me zai ci? Da yawa suka dawo Maiduguri, yanzu ba sansani ba buhu, suna raɓe a unguwanni. Sai ga ambaliyar madatsar Alau ranar 10 ga Satumban 2024, masu gidan ma suka koma kwanan makaranta da gefen titi. A makonnin farko dafaffen abincin da mutane suka riƙa kawowa shi ya riƙe rai, ba wata doguwar dabara. A 2025 kuma Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin kuɗinta ya ƙare, tallafin mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas na iya tsayawa.

Don haka duk mai cewa a daina ciyarwa don kada a saba wa mutane, ina roƙonsa ya fara nuna min abin da ya tanada a madadin. Mun ga an janye kwano kafin a kawo fartanya, mun san yadda ta kaya.

Maman Ilham: Allah ya kawo muku sauƙi ɗan uwa. Ba mu ce za mu sauke tukunya ba.

Ɗan Damagaram: Ni kuma ta ɗaya gefen zan zo, ku yi haƙuri. A wajenmu Nijar, yankin Kance da Magarya, bara ta zama cirani. Mata na kwasar yara, wasu ma na aro ne, su tafi Aljeriya ko Dakar ko Accra, don sadakar can ta fi noman nan. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su. A Maris na 2022 gwamnatinmu ta aika jirgi ya kwaso ɗaruruwa daga titunan Dakar. A Mayun 2025 Ghana ta kama fiye da dubu biyu a Accra, akasari 'yan ƙasarmu. Ana dawo da su, wasu su sake komawa. Mace ta dawo ta yi ginin siminti, maƙwabciyarta da ta zauna tana surfe ta gani, me kake jin za ta yi badi? Sadakar da ake miƙawa ta tagar mota tana da hannu a wannan, ko mun so ko mun ƙi. Ni na daina ba yaro kuɗi a titi. Abinci in ba shi ya ci a gabana.

Bazazzagiya: Amma talauci ne ya kore su ai, ba daɗi ba.

Ɗan Damagaram: Talauci ne ya fara, Hajiya, gonaki sun tsuke, mutane sun yi yawa. Amma yanzu akwai masu motar da ke kai su da masu ba su bashin kuɗin hanya. Kasuwa ce.

Baban Sadik: Shi ya sa gwamnati ke hana bara.

Na Tsangaya: Hana bara da baki ba wuya. Kano ta sanar da haramci a farkon 2020, korona ta zo aka yi ta lodin almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, bayan 'yan watanni suka dawo. Makarantun tsangaya 157 da aka gina zamanin Jonathan, tun daga ta Gagi a Sakkwato a 2012, ku je ku ga halin da da yawansu ke ciki. An yi gini, ba a yi tanadin abin da yaro zai ci ba, ba a kuma zauna da alarammomi ba. Kuma a daina kiran duk yaron da ke titi almajiri. Almajiri na da malami da wurin kwana ko da zaure ne. Akwai yaran da ba sa gaban kowa, a ƙarƙashin gada suke kwana, kuma laifin iyayen da suka turo ba guzuri ba ziyara ba zan kare shi ba.

Maman Zara (Ingila): Ina ta karantawa daga nan. Kada ku ɗauka matsalar ta ƙasashen talakawa ce kaɗai. A nan ma akwai masu kwana a ƙofar shaguna cikin sanyin da ba ku san irinsa ba, kuma rumbunan rabon abinci kyauta sai ƙaruwa suke yi. Babbar ƙungiyar da ke kula da su, Trussell, ta raba ƙunshin abinci fiye da miliyan uku a shekara guda, 2023 zuwa 2024. Rabon bai rage masu zuwa ba, don abin da ke kawo su kuɗin haya ne da ƙarancin abin hannu. Amma da korona ta zo a Maris na 2020, cikin 'yan kwanaki aka kwashe dubban masu kwanan titi aka saka su a otal-otal. Ashe ana iyawa.

Ƙasar da ake misali da ita Finland ce. Da can sai an ce wa mutum ya daina shaye-shaye, ya nemi magani, ya nuna ya shiryu, sannan a ba shi gida. Daga 2008 suka juya abin: a fara ba shi ɗaki da makullinsa da takardar haya da sunansa, sannan ma'aikata su riƙa bin sa da magani da neman aiki. Marasa matsuguni sun sauko daga wajen dubu 18 a ƙarshen shekarun 1980 zuwa ƙasa da dubu huɗu a 2023. Dalilin a fili yake, wanda bai san inda zai kwana yau ba ba ya iya riƙe magani ko aiki ko ajiye ko sisi. A Vancouver ta Kanada ma an gwada ba mutum 50 dalar Kanada 7,500 kowanne a dunƙule, aka bi su shekara guda, suka rage kwanan waje, kuma kuɗin da suke kashewa a giya da ƙwaya bai ƙaru ba.

Injiniya: Finland duka-duka mutum miliyan biyar da rabi ne, ba su kai jihar Kano ba, ga haraji ga gidajen gwamnati. Kuma binciken Kanada da kika kawo, sai da suka tace suka cire masu tsananin shaye-shaye da taɓin hankali kafin su ba da kuɗin. A faɗi wannan ma.

Maman Zara (Ingila): Haka ne, an tace. Finland ɗin ma adadin ya ɗan sake hawa a 2024. Ban ce Kano ta zama Helsinki ba Injiniya. Hajiya ce ta tambaya ko ɗaki na fitar da mutum, na kawo mata inda aka gwada.

Ma'aikaciyar Jinya: Maganar tacewar nan ita nake so Hajiya ta riƙe. Akwai kashi na uku da Ɗan Fagge bai ambata ba, masu lalurar ƙwaƙwalwa da waɗanda ƙwaya ta cinye. Su ne suka fi daɗewa a titi, su ne kuma kuke gani shekara da shekaru a wuri ɗaya. Irin wannan idan kuka saka shi a ɗaki kuka juya baya, cikin wata guda ya sayar da katifar ko maƙwabta su kore shi. Yana buƙatar asibitin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau ko Kware ko Barnawa, da wanda zai tsaya masa ya ga yana shan magani kullum, kuma maganin ba na wata ɗaya ba ne. Da yawansu da za a bi sawu suna da dangi, gajiya aka yi da kuɗin magani aka sake su. Kwamitin mata ba zai iya ɗaukar wannan ba, kada ku fara abin da zai karya ku. Ku ci gaba da ba su abinci, shi ne iyakar ƙarfinku, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Wani abu kuma, don Allah masu dafawa, ku daina zuba kunu da zafinsa a farar leda tun azahar. Shinkafar da aka rufe a roba tun rana cikin zafin nan, kafin magariba ta fara yami. Muna ganin masu gudawa a azumi, kuma wanda ke kwana a titi ba shi da banɗaki.

Auta: Anti Nas ta zo da bulala 😂

Baban Sadik: Ni har yanzu lissafin bai fita min ba. Ku hana mutum ɗari abinci don mutum biyu su samu ɗaki? Kuma shekara ta ƙare wa zai sake biya? Ko za ku mayar da su kangon ne bayan sun saba da ƙofa?

Bazazzagiya: Mutum ɗarin nan cikin azumi suna da tukwane goma a gari Malam, kowane attajiri da ɗan siyasa na dafawa. Ka zo bayan sallah da mako biyu ka nuna min tukunya ɗaya. Sauran watanni goma sha ɗaya ciki hutu yake yi?

Baban Sadik: To a raba ciyarwar a kan shekara mana. Wannan ai ba hujjar haya ba ce.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a yi ta a hankali, na goge saƙonni biyu da suka koma zagin 'yan siyasa. A tsaya a kan tambayar Hajiya.

Ɗan Fagge: Tambayar Baban Sadik ta shekara mai zuwa ita ce ta gaske, kada a share ta. Ni abin da na gani, macen da ta samu ƙofar da za ta kulle tana iya ajiye kasko da gawayi da ɗan gari, ta fara awara ko wainar fulawa a ƙofar gida. A kango ba ta isa ba, ta fita ɗiban ruwa ta dawo an ɗauke tukunyar. Amma sai an haɗa mata da ɗan jari, kuma sai an faɗa mata tun ranar farko cewa shekara ta biyu rabi za a biya mata. Wata za ta tashi, wata ba za ta tashi ba. Wanda ya ce muku duka za su tashi bai taɓa ba da jari ba.

Matsalar da za ku fara karo da ita ma ba kuɗi ba ce. Masu gida ba sa son ba mace ba miji haya, balle baƙuwa daga yankin 'yan bindiga, sai su ce ba su san wanda zai riƙa zuwa wurinta ba. Sai an samu namiji sananne ya tsaya mata, da sa hannun mai unguwa.

Anti Mai Ƙosai: Idan an samu ɗakin ni zan koya musu suya, ina da tsohon kasko biyu.

Maman Ilham: Mun zauna jiya da daddare, na karanta musu duk abin da kuka rubuta, har aka kusa faɗa a kan maganar Baban Sadik don rabinmu na bayansa. Ga inda aka tsaya. Tukunya na nan, amma ba sanarwa ba layi, za mu raba kanmu mu kai kangwaye da barandun kasuwa, kuma za a rage na azumi a ajiye na dafawa duk Juma'a bayan sallah har inda kuɗin ya kai. An buɗe asusu na biyu kamar yadda Malam ya ce, wanda ya so ya saka. Akwai mata biyu 'yan gari ɗaya daga wajen Zurmi da muke ganin za su iya zama ɗaki ɗaya da yaransu. Mai unguwa ya ce zai sa hannu idan an kawo mai tsayawa. Maigidana ya ce shi ba ruwansa. Yaya Ɗan Fagge, kai ka kawo maganar.

Ɗan Fagge: Hajiya kin ɗaure ni da igiyata. Zan tsaya wa ɗaya. Amma sai na ga matan da idona, na kuma ji ta bakin wani ɗan garinsu a nan Kano, akwai 'yan Zurmi a kasuwar Dawanau. Ki turo min lambar mai gidan ta akwatin sirri, kada dillali ya shiga tsakani ya ɗora nasa.

Baban Sadik: Ni nawa a saka a asusun tukunya. In shekara ta zagayo ku zo ku ba mu labarin ɗakin, da abin da aka kashe.